Bokitin da Ya Ƙi Cika: Nazarin Wata Matsala a Masana'antar Roba a Kakuri

A tsakiyar hunturu Alhaji ya kira ni. Masana'antarsa ƙarama ce, tana Kakuri a Kaduna, ba nisa da tsofaffin masaƙun nan da aka rufe. Injuna uku gare shi na ɗura roba a mol, wato ƙarfen da yake ba ta siffar abin da ake so. Biyu suna buga kofi da ƙananan robobin cin abinci, babban kuma yana buga bokitin lita 20, kuma shi ne yake riƙe da gidan. Idan ya tsaya, albashin kowa ya tsaya.

"Injiniya, injin nan ya rikice mana," in ji shi tun kafin in zauna. "Da safe bokiti ba ya cika. Da rana roba ta yi ambaliya ta gefen mol. Wanda ya fito lafiya kuma, bayan sati biyu 'yan kasuwa su dawo min da shi a tsage."

Ya riga ya yanke shawarar cewa injin ne ya tsufa, har ya fara tambayar kuɗin wani na hannu. Na roƙe shi ya ba ni kwana huɗu kafin ya taɓa aljihunsa.

Yadda bokiti yake samuwa

Ƙwayar roba tana zubowa daga mazurari zuwa cikin wani bututun ƙarfe da hita ta zagaye. A cikin bututun akwai dogon sukuru da yake juyawa yana murza ta. Da yawa suna zaton hita ce kaɗai take narkar da robar, alhali kaso mai tsoka na zafin daga wannan murzar yake fitowa. Idan ta narke ta taru a gaba, sai sukurun ya daina juyawa ya tunkuɗa ta gaba ɗaya, kamar yadda ake danna sirinji. Ta shiga mol ta wata 'yar ƙofa a tsakiyar gindin bokitin, ta bazu a gindin, sannan ta bi bango har baki. Tafiyar ta kusa rabin mita, a cikin ratar da ba ta wuce milimita biyu ba.

Mol kuwa da sanyinsa, domin ruwa ne yake zagayawa a jikinsa. Duk robar da ta taɓa ƙarfen nan take daskarewa ta zama fata. Mai zafin ta bi ta tsakiya, ta isa gaba, ta buɗe zuwa bango, ita ma ta daskare, ta bayanta ta wuce ta. Ke nan hanyar tana ƙara tsukewa da kowane daƙiƙa. Cika bokiti tsere ne tsakanin gudun roba da sanyin ƙarfe, kuma duk abin da zan faɗa a gaba a kan wannan tseren ya rataya.

Abin da na tarar

Ranar farko ban taɓa komai ba, tsayawa na yi ina kallo. Hitar gaba tana kan digiri 270. Robar bokiti ita ce folifirofilin, wadda 'yan sana'a suke ce wa PP, mai lamba 5 a cikin alamar nan mai kusurwa uku. Tana narkewa a wajen digiri 160 zuwa 165, kuma yawanci tsakanin 200 da 250 ake aiki da ita. Bakin bututun yana ɗigar da roba kamar yaro mai mura, ga wani ƙauri da ya cika ɗakin. Saurin tunkuɗa kuwa an rage shi sosai.

Mai kula da injin dattijo ne da kowa yake kira Baba. Ya yi shekaru a sashen kaɗin zare na ɗaya daga cikin masaƙun Kakuri kafin a rufe ta. Na tambaye shi yadda aka yi zafi ya kai nan.

"Ɗana, da sanyin nan ya shigo, bokiti ya fara fitowa da giɓi a baki. Na ƙara wuta digiri goma, ya cika. Bayan kwana biyu giɓin ya dawo, na sake ƙarawa. Da rana kuma sai ta riƙa tsatsowa ta gefe, shi ne na rage mata gudu."

Babu wauta a cikin abin da Baba ya yi. Duk wanda ya taɓa ɗora daskararren manja ko zuma a rana ya san zafi yana tsinka abu mai kauri. Ni ma da farko hitar na zarga, na ɗauka ma'aunin zafinta ne yake ƙarya. Na zuba narkakkiyar robar a ƙasa na caka mata ma'auni na hannu, na ga lambar ta yi daidai da abin da injin yake nunawa. Ba a nan gizo yake saƙar ba.

Roba ba manja ba ce

Kowace ƙwayar PP cike take da dogayen sarƙoƙi, kowace sarƙa dubban ƙananan gaɓoɓi ne iri ɗaya a jere. Idan ta narke, sarƙoƙin suna harɗe da juna kamar zaren da ya warware daga kwarkwaro ya cukuikuye. Wannan harɗewar ita ce kaurin robar, ita ce kuma ƙwarin bokiti bayan ya huce. Abu ɗaya ne yake ba da duka biyun, kuma wannan ne mutane suke mantawa.

Da na fara yi wa Baba wannan bayani a bakin injin, bai bari na ƙarasa ba. "Ai haka auduga take," in ji shi. "Mai dogon sili ita ke ba da zare mai ƙwari. Gajera tana da sauƙin sha'ani, amma zarenta tsinkewa yake yi." Ban taɓa jin wanda ya kama zancen da wuri haka ba, har cikin waɗanda muka zauna aji tare.

Tsawon sarƙa yana da tasirin da ya wuce zato. Masana sun daɗe da gano cewa idan tsawon ya ninka biyu, kaurin narkakkiyar roba a tsaye yana ninka fiye da sau goma. Idan kuma ya ragu da kashi 20 cikin 100 kawai, kaurin yana faɗuwa da fiye da rabi. Ita PP, idan ta sha zafi fiye da kima, musamman idan ta daɗe a cikinsa, sarƙoƙinta guntulewa suke yi. Don haka wani ɓangare na sauƙin gudun da Baba ya samu a digiri 270 ba ɗumi ne ya kawo shi ba, yanka sarƙa ne. Bokiti ya cika, amma da gajeren sili.

Sai kuma hali na biyu, wanda ya fi muhimmanci ga mai aikin inji. Ruwa da manja kaurinsu ba ya canzawa ko an tura su a hankali ko da sauri. Narkakkiyar roba ba haka take ba. Ta fi kama da kindirmo, wanda yake tsaye a ƙwarya har ludayi ya bar shaida a kansa, amma da an burka shi sai ya tsinke ya kwarara. Idan an tura roba da sauri ta cikin siririyar rata, sarƙoƙin suna miƙewa su jeru ta fuskar tafiya, harɗewar ta ragu, kaurin ya faɗi sau goma, wani lokaci har sau ɗari. Ga PP, abin da gudu yake yi wa kauri ya fi ƙarfin abin da ƙarin digiri ashirin ko talatin zai yi. Ban da haka, gogayyar da ke cikin gudun tana haifar da nata zafin a daidai inda ake bukatarsa, a cikin ratar, na ɗan lokaci kaɗan, ba tare da an dafa robar a bututu ba. Da Baba ya rage gudu don ya hana ambaliya, sai robar ta ƙara kauri, fatar bango ta samu lokacin girma, giɓin ya dawo, aka sake ƙara wuta. An gudu ba a tsira ba.

Amma wannan bai amsa tambayar farko ba. Injin ya yi shekaru yana aiki a hunturu. Me ya sa bana?

Buhunan da ke sito

Rana ta biyu na wuni a sito. Kaduna tana da matatar mai tun 1980, amma sashenta na sinadarai kayan haɗa sabulun gari aka gina shi ya yi, ba ƙwayar roba ba. Sabuwar ƙwaya daga kudu take zuwa, kamar daga Eleme a Jihar Ribas ko ta tashar jirgin ruwa ta Legas, kuma farashinta yana bin dala. Shi ya sa kusan duk ƙananan masana'antun da na sani suke dogara da tsohuwar roba da 'yan jari bola suke tarawa, a wanke, a niƙa, a sayar da kilo. Ba na ganin aibu a wannan. Sana'a ce da take ciyar da gidaje masu yawa, tana kuma kwashe abin da zai toshe mana kwata.

Alhaji ya saba sayen niƙaƙƙun fasassun baho, bokiti da kujeru. Waɗannan tun asali robar ɗurawa ce a mol, mai sauƙin gudu. Watanni biyu kafin matsalar, mai kawo masa kaya ya fara haɗo masa da wata ƙwaya mai araha, baƙa, mai kyan gani, an riga an tace ta an yanka ta kamar sabuwa. Na sa aka kira shi.

"Malam, wannan daga ina ta fito?"

"Buhu ne, Injiniya. Tsofaffin buhunan shinkafa da na taki. PP ce tsantsa, lamba biyar, ka ƙona ka ji."

Gaskiya ya faɗa. Buhun saƙa PP ne. Sai dai PP ɗin da aka yi don a ja ta ta zama siririn zare mai ɗaukar kilo hamsin, dole sarƙarta ta yi tsawo, don haka mai kauri ce ƙwarai idan ta narke. Suna ɗaya, lamba ɗaya, ƙauri ɗaya a wuta, amma hali daban. A cikin niƙaƙƙun kuma na tsinci gutsattsarin shuɗiyar jarka. Ita ba PP ba ce ma, foliyetilin ce mai lamba 2, kuma wadda ake hura jarka da ita ta fi ta buhun kauri. Wankin ruwa ba ya raba su, domin duka biyun sun fi ruwa rashin nauyi, tare suke tasowa sama. Gorar lemo mai lamba 1 ce take nutsewa. A cikin inji kuma ba sa gaurayuwa sosai, kowace tana riƙe da kanta. Da na fasa gindin ɗaya daga cikin bokitan da aka dawo da su, kusa da ƙofar shiga, sai ya riƙa ɓarewa kamar albasa.

Na ɗebi samfuri daga buhu shida na kai wani ɗakin gwaji a Zariya. Gwajin da ake yi tsoho ne, a Ingila aka ƙirƙire shi don foliyetilin, yanzu kuma yana da ƙa'ida ta duniya, ISO 1133. Ana narkar da robar a cikin ɗan bututu, a ɗora mata nauyin kilo 2.16, ta tsiyayo ta wata huda mai faɗin milimita 2.095, a auna giram nawa za su fito cikin minti goma. PP a digiri 230 ake gwada ta, foliyetilin a 190. Lambar da ta fito ita ce MFI da ake gani a takardar sabuwar ƙwaya. Babbar lamba, sauƙin gudu. PP ta buhu takan tsaya a wajen 3, ta ɗurawa a mol daga wajen 10 zuwa sama, ta kaya masu siririn bango ma takan haura 30.

A buhunan Alhaji, baƙar ƙwayar ta ba da abin da bai kai 5 ba. Niƙaƙƙun baho sun ba da goma sha wani abu. Wanda ya fi ba ni tsoro shi ne buhu na shida, niƙaƙƙun bokitan da suka lalace a masana'antar aka mayar da su inji, wasu sau biyu, wasu sau uku. Shi ya haura 30. Yaran da suke cika mazurari kuwa buhun da ya fi kusa da hannu suke ɗauka. Da asuba sukan fara da na bakin ƙofa, wato sababbin zuwa, masu kauri, ga mol a sanyaye da ruwan da ya kwana a tanki cikin hunturu. Kafin azahar an tara ɓatattun safe an niƙa, an juye su a mazurari, mol ya ɗumama, sai roba mai kama da koko ta tarar da saitin da aka yi wa mai kama da tuwo. Ga giɓin safe, ga ambaliyar rana, daga inji ɗaya da bai canza komai ba.

Gwaji a bakin inji

Rana ta uku muka ware baƙar ƙwayar gefe, muka gauraya sauran a kan tamfol da shebur har suka zama abu ɗaya, muka sauke zafi zuwa 235. Sannan muka yi wani gwaji da ba ya bukatar ko sisi. Muka cire matsin ƙarshe, wanda ake danna robar da shi bayan mol ya cika, muka bar bokitin ya kusa cika kawai, muka riƙa ƙara gudu mataki-mataki. A kowane mataki Baba yana rubuta daƙiƙun da cikawar ta ɗauka da matsin da agogon inji ya nuna. Idan aka ninka matsin da lokacin, ana samun lambar da take nuna kaurin robar a cikin mol ɗin kansa. A ƙananan gudu lambar tana da girma, kuma ɗan canji kaɗan yana girgiza ta. Da gudu ya ƙaru sai ta faɗo, ta faɗo, har ta kai inda ta kwanta. A wannan kwancin muka tsayar da injin. Amfaninsa shi ne, a can sama robobi masu bambancin MFI suna kusantar juna a kauri, domin gwajin Zariya a tafiyar hawainiya yake auna roba, mol kuwa a gudun da ya ninka wannan sau ɗaruruwa yake karɓar ta. Bambancin buhu da buhu ba ya ɓacewa, amma yana raguwa.

Gudun ya kawo tasa matsalar. Baƙin tabo ya fara bayyana a bakin bokiti. Iskar da ke cikin mol ce ta rasa mafita, robar ta matse ta har ta yi zafin ƙona abu, kamar yadda ake yi a injin dizal. 'Yan hanyoyin fitar iskar da ke bakin mol, waɗanda zurfinsu bai kai kaurin gashin kai ba, duk sun toshe da ƙurar hunturu da maiƙon ƙonanniyar roba. Muka goge su, tabon ya tafi.

Saura tsagewa. Na lura duk bokitan da aka dawo da su a gefe ɗaya suke tsagewa, daga baki zuwa ƙasa, a layi ɗaya. Muka buga rabin bokiti, sannan kashi uku cikin huɗu, muka jera su a ƙasa. Da komai lafiya yake, bakin kowanne zai tashi a daidaice. Namu a karkace suka fito, gefe ɗaya ya riga ɗaya da kusan tsawon tafin hannu. Na yanka guda na auna bango. Gefe ɗaya milimita 2.0, ɗayan 1.5. Zuciyar mol, wato ɓangaren da yake zama a cikin bokitin, ta goce daga tsakiya, domin ƙarafan da suke riƙe ta a daidai sun ci.

Rabin milimita a ido ba komai ba ne. Amma abin da yake wucewa ta siririyar rata ba ya bin faɗinta ɗaya bayan ɗaya. Ko da ruwa ne, ratar 2.0 za ta wuce da ninki biyu da ɗori na abin da ta 1.5 za ta wuce da shi a matsi ɗaya. Ga robar da take tsinkewa da gudu, bambancin yana kai wa wajen ninki huɗu, saboda gefen da ya fi gudu shi ya fi tsinkewa, sai ya ƙara gudu. Robar ta riga isa baki ta faffaɗan gefe, ta zagayo ta hagu da ta dama, gaba biyu suka haɗu a siririn gefe bayan sun huce. A irin wannan mahaɗa sarƙoƙin ɓangarorin biyu ba sa samun lokacin shiga juna, jingina kawai suke yi. Ga gajeren sili, ga gutsattsarin jarka, ga ɗinki mara zare. Mace ta cika shi da ruwa ta ɗaga, nan zai buɗe. Ina kyautata zaton cin ƙarfen ya daɗe, amma mai kaurin nan da ake turawa da matsi mai yawa ita ta riƙa ingiza zuciyar gefe har abin ya fito fili.

Wani mai injin sassaƙa ƙarfe a Panteka ya yi mana sababbin ƙarafan riƙo cikin kwana biyu. Bayan an ɗaura, rabin bokiti ya fito da baki a daidaice.

Abin da aka yi, da abin da ba a yi ba

Na ba Alhaji shawarar ya sayi na'urar gwajin MFI ko da ta hannu ce. Ya ƙi. "Injiniya, kuɗin nan ya fi ƙarfina a bana," in ji shi, kuma na san halin da kasuwa take ciki. Har yau ina ganin da ya saya da ta biya kanta, domin wanda yake sayen roba da ido, launi kawai yake saye. Abin da muka tsayar a madadinta littafi ne a rataye jikin injin. Duk sabon kaya da ya shigo, Baba yana buga guda goma da shi a saiti ɗaya, ya rubuta matsin da ya kai. Idan ya wuce iyakar da muka ja da jan biro, kayan ba ya shiga bokiti. Niƙaƙƙun gida kuma ba a ƙara juye su su kaɗai, ana yayyafa su ne cikin sauran da mudu.

Sai batun ɗaukewar wuta, wanda na ga illarsa da idona a rana ta biyu. Idan wuta ta tafi, kafin a tayar da janareta a daidaita komai, robar da ke bututu takan zauna cikin zafi fiye da minti ashirin. A da da ita ake buga bokitan farko. Yanzu ana zubar da ita tukuna har sai mai tsabta ta fito, idan kuma tsaiwar za ta yi tsawo a sauke hita.

Mai kawo kaya bai ji daɗi ba da farko, ya ɗauka ana cewa ya yi algus. Na nuna masa takardar Zariya, na ce masa kayansa mai kyau ne, gidan da ya kai shi ne ba nasa ba. Ya yarda zai riƙa raba buhu daban, baho daban, ya kuma sa yaransa su tsince jarka kafin niƙa, a kan ƙarin 'yan nairori a kowane kilo. Baƙar ƙwayar da ta rage a sito, Alhaji ya sayar da ita ga wani mai yin igiyar roba, inda kaurin nan shi ake nema. Ya yi asara kaɗan a kanta, ban da bokitan da ya maye wa 'yan kasuwa.

Na koma bayan wata guda, sanyi bai gama wucewa ba. Hitar gaba tana kan 235. Baba ya miƙo min littafin, ya nuna min wani shafi da ya ja wa layi biyu. Kaya ne da ya zo a makon da ya wuce, matsinsa ya tsallake jan biro, ya sa aka mayar da shi mota tun kafin Alhaji ya iso.